Dalma a Ƙugun Kaki

Tun tana rarrafe a ƙarƙashin keken ɗinki mahaifinta ya laƙaba mata Allura, saboda tsabar rama. Ta girma ba ta yi kumari ba. Innarta ta yi ɗura har ta gaji. Ita dai yarinyar, da ta ji ƙarar jirgi sai ta bar kwano ta fice waje.

Da ta gama makaranta ta shiga sojan sama. Kafin ita ba a taɓa ba mace tuƙin jirgin yaƙi ba, don haka babu kakin da ya yi mata daidai. Duk wanda aka ba ta, shagon Baba take kawowa. Ya rage hannu, ya rage ƙafa, yana tsokanarta: "Wannan ai ku biyu za ku shiga, har da baƙo."

Wata rana da hantsi, bayan ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, ta shigo shagon ta tura ƙofa. Ta ajiye kakinta a kan teburin yanka, ta ɗora wani ƙunshi a kai. Ƙunshin ƙarami ne, amma sai da almakashi ya girgiza.

Baba ya kwance. Dalma ce, falle-falle.

"Ke kuma facin tukunya kika koma?"

"A ƙugu za ka ɗinke min, Baba. Gobe za a auna mu. Da kaki ake hawa sikelin, kuma ba a lalube."

Ya cire tabarau yana saurare. Ta ce in jirgi ya kama da wuta a sama, akwai igiyar da matuƙi ke ja, kujera ta harba shi waje da laimar saukowa. Da nauyin maza aka ƙera kujerar. Wanda bai kai nauyin ba, likita ba ya barinsa ya tashi. Ita da ma nauyinta a bakin layi yake, ga zazzaɓi ya zaftare mata.

"In na gaza, ofis za su mayar da ni. 'Yan matan da ke bayana kuma a ce musu an gwada an gani."

"In kujerar ta harba wanda bai kai ba fa?"

Ta shafa bayan wuyanta, idonta a ƙasa.

"Nan ne yake karyewa. Amma Baba, wasu har su yi ritaya ba su taɓa jan igiyar nan ba."

"Wasu," in ji shi.

Ya daɗe yana juya dalmar a tafinsa. Ya so ya ce a'a. Sai dai ya san 'yarsa: in ya ƙi, wani telan za ta kai wa, wanda zai yi ɗinkin da za a gane, a kore ta da kunya. Bai hau keke ba. Da hannu ya yi, ya naɗe kowane falle da ƙyalle don kada ya yi ƙara. Sau da yawa zaren ya ƙi shiga kafar allura, shi da bai taɓa neman a zura masa ba.

Kashegari da la'asar ta dawo tana murmushi.

"Na haye. Likita har cewa ya yi in gaida mai dafa min abinci."

Baba bai yi dariya ba. Ta miƙa masa kakin ya farke, don an hana shiga jirgi da ƙarfen da zai iya zamewa ya maƙale a wani wuri. Ya zare dalmar ɗaya bayan ɗaya, kakin ya koma sakayau a hannunsa.

"Ka ajiye min, akwai wani awon nan gaba. Kada Inna ta ji."

Ya zuba a gwangwanin maɓalli ya rufe.

"Yaushe za ki tashi?"

"Jibi," ta ce, tana ninke kakin. "Can fagen daga za a tura mu."