Kashin Barewa a Kan Faranti

Ko da zan manta da komai na zamanmu a unguwar Bani Malik, can ƙasa mai tsarki, ban da ranar da baƙuwa ta kusa tauna takin lambuna.

A farkon shekarun saba'in ne, ina amarya a gidan surukaina. Tsakar gidan yashi ne mai gishiri, ruwa kuma saye muke yi, amma na nace sai na yi ɗan lambu. Na shuka rihan da yasmin kusa da bishiyar lallen surukata, ina ba su ruwan alwala. Duk da haka kullum ganye sai rawaya yake yi, har lallen ya fara zubewa.

Maigidana direba ne a gidan wani attajiri mai kiwon barewa. Wata rana ya shigo da buhu ya ce, "Ga maganin lambunki, kashin barewa ne. Amma ki shanya shi, ɗanye yana ƙona saiwa." Na rasa inda zan baza shi, sai na zuba a babban farantin da ba ma amfani da shi, na ajiye a rana. Da ya bushe ya zama ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi, ba wari ko kaɗan.

Ashe ranar ce dangin yarinyar da ƙanin mijina ke nema za su zo ganin gida. Hausawan Sudan ne, kuma an gargaɗe mu da gwaggon yarinyar: in ta ce a'a, halas, magana ta ƙare. Muka share, muka turara, na manta da faranti.

Suna shigowa idon gwaggo ya sauka a kai. Ta sunkuya ta ɗebi cikin hannu, ta shinshina.

"Masha Allah! Bunnun Habasha ne wannan? Ni fa gahawa sai na tauna ƙwayar nake sanin kyanta."

Surukata ta daskare. Ƙanin mijina da ke leƙe ta taga ya dafe kai. Ni kuwa ina ganin ƙwaya ta doshi baki, sai na yi wuf na ce:

"Khala, don Allah kar ki ci! Kashin barewa ne!"

Gwaggo ta sauke hannu daga baki. Ta dubi hannunta, ta dube ni. Na ce a raina shi ke nan, na kashe auren bawan Allah. Sai kawai ta fashe da dariya, har da zama a ƙasa tana share hawaye da mayafi.

"Yalla, kawo ruwa in wanke hannu, 'yar nan. Ke da na zata sabon soyi ne!"

Maimakon ɗakin baƙi, a bakin lambu aka yi zaman. Ta sa na haƙa rami, muka cuɗa takin da yashi da busassun ganye, ta ce in riƙa yayyafa ruwa har ya ruɓe. Da za su tafi ta nemi a ƙulla mata nata, don ita ma na'ana'arta ta ƙi girma. Aure ya ɗauru, lambu ya yi kore shar, har maƙwabta na aikowa a tsinko musu rihan.

Daga baya gwaggon ta gaya wa surukata cewa gidan da amarya za ta zaɓi jin kunya a kan ta bar baƙo ya cutu, can take so 'yarsu ta zauna. Tun ranar na gane cewa gaskiyar da ake jin nauyin faɗa, gara a faɗe ta da wuri, tun ba ta kai bakin wani ba.