Ranar da na yi wa Inna tafinta

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. In tana son ruwa, randa take gaya wa: "Randar ga ta bushe, ga ƙattai cike da gida." In na yi ɓarna, akuya ke shan faɗa, ni kuma ina gefe ina taya ta jin haushi. Haka muke zaune lafiya har damunar da na shiga aji uku na sakandare.

A damunar ne Inna ta fara ramewa, tana dafa bango in za ta tashi. Baba yana ramin zinari wajen Bukkuyum. Gwaggo, yayar Baba, ta ce a kai ta asibiti, in raka ta, tunda ni na cika gida da cewa har malamanmu na Anka kan zo neman Turanci wurina. Na ɗauka kati kawai zan yanka.

Likitan ɗan bautar ƙasa ne daga kudu. Hausarsa duka ba ta cika cokali ba. Malamar jinyar da ke yi masa tafinta an ɗebe ta zuwa rigakafi a ƙauyuka, sai washegari. Ya ga rigar makaranta a jikina, ya yafito ni na bi Inna ciki, ya mayar da ƙofa. Ɗakin ƙarami ne, tagar ma da ƙarafuna. Kurkuku ya fi shi iska.

Ya ce in tambaye ta abin da ke damun ta. Na ce, "Inna, wai mi ka damun ki?"

Inna ta juya ga sikelin awon mutane da ke lungu, ta ce masa, "Akwai wata mata unguwarmu, jiri ka ɗibar ta."

Na mayar da maganar Turanci yadda ta faɗe ta. Likita ya ce to mu je mu kawo matar. Sai da na yi gumi kamar mai huɗa kafin ya gane cewa matar unguwar ce zaune a gabansa. Daga nan aiki ya miƙe: likita ya tambaye ni, in tambayi Inna, Inna ta gaya wa sikeli, ni in tsinta in kai wa likita. Zazzaɓi, akwai. Abinci, kaɗan. Har na fara jin daɗin kujerar.

Sai ya yi tambayar da na yi fatan ban gane ba. Amma na gane sarai, mun yi ta a darasin kimiyya muna ƙyalƙyala dariya a bayan aji. Yana son sanin yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, kuma ko tana zubar da jini.

Na dubi ƙofa, likita na zaune ya tare hanyar fita. Na ce, "Inna, wai matar tana cin abinci?"

"An riga an hwaɗi," in ji Inna ga sikeli.

Likita bai san Hausa ba, amma ya san fuskar mai kwana-kwana. Ya tashi, ya ja fatar idon Inna ƙasa, ya nuna mini. Fari fat, kamar auduga. Ya ce jininta na ƙarewa, in bai san ta inda yake tafiya ba babu abin da zai iya, kuma ba ta da ƙarfin jiran malamar jinya. Ya faɗa a hankali, sau biyu, don kada in ce Turancin ya yi mini yawa.

Na ɗauki kujerata na juya ta ga bango, har goshina na taɓa fenti. Na ce wa bangon, "Likita na tambaya, matar nan ta unguwarku, ko jini na zuba mata."

Ina jin babura na wucewa a waje, kowanne ina so ya tafi da ni ko Gummi ne. Can Inna ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ɓari ta yi, tun kahin noman hwarko. Jinin bai tsaya ba. Ba ta gaya ma kowa ba."

Na faɗa da Turanci, ina kallon fenti. Kalmar ɓari ban san ta ba, sai na ce jaririn ya fita bai isa ba. Likita ya ce ya isa haka. Nan take aka ba ta gado, aka ɗaura mata ruwa, aka ce a aika wa Baba ya zo a gwada jininsa, ko za a ƙara mata.

Na koma gida ɗauko mata zani da buta. Tun daga zaure Gwaggo ta tare ni, matan gida a bayanta, suna jiran labari, don sun san ni: ko kaza ce ta tsallaka titi sai na yi mata ƙaho.

"To, Bature, mi likita yac ce?"

Na ce jininta ne ya yi ƙasa.

"Shi ke nan? Wuni guda ɗakin likita, shi ke nan?"

Na ce shi ke nan, Gwaggo. Na shige neman buta.