Direban Wayit da Ya Nemo Mana Bututu

Shekaranjiya a kasuwar Zahir na ji rurin injin motar zuƙar masai, wadda mu 'yan Makka muke kira wayit. Na tsaya cak da ledar cefane a hannu. Da wannan rurin aka yi rainona, domin babana direban wayit ne.

Ina yarinya, lungunmu na Misfala ba shi da bututun ƙarƙashin ƙasa. Kowane gida da raminsa, bayara muke ce mata, in ta cika a kira Baba. Lokacin Hajji kuwa ɗakin mutum biyu sai ya kwashi alhazai takwas, bayaru su tumbatsa, baƙin ruwa ya gangaro daga kan dutse yana bin ƙofofi. Ga zafi, ga ƙuda. Kakata takan tattare mayafinta ta bi bulon da aka jera a tsakiyar lungu, tana istigfari har ta fita titi. A wannan lokacin ne kasuwar Baba take ci.

Wata shekara, ana saukowa daga Mina, tsohon malamin da ke biya mana karatu ya rasu. Da hantsi aka fito da shi za a kai Harami, ina leƙe ta taga. Masu ɗauke da makara ba su iya bin bulon ba, sai suka tsunduma cikin ruwan har idon sawu, Baba yana gaba. Wani ya zame, makarar ta karkata, gefen mayafin da aka lulluɓa mata ya tsoma cikin ƙazanta.

Ranar Baba bai taɓa abinci ba. Washegari ya sa aka rubuta masa takardar koke zuwa baladiyya, wato hukumar gari, a roƙi a shimfiɗa mana bututu. Baffana, yayansa, ya tare shi a ƙofar gida.

"Kai, lafiyarka kuwa? In bututu ya zo wa zai kira wayit? Me za ka ba yaran nan?"

"Yaya, ni na riƙe makarar nan," in ji Baba. "Abincin da sai lungu ya ruɓe zan samu, Allah ya musanya mini shi."

Kakata ba ta iya rubutu ba, amma ita ta fara dangwala yatsa. "Kawo nan, ɗan nan," ta ce. "Mai raba arziki bai ajiye naka a rami ba."

Ya bi gida-gida. Wasu suka sa hannu, wasu suka yi masa kallon wanda ya taɓu. Sau uku yana kai takarda kafin motocin haƙa su iso, sannan muka yi bazara guda muna tsallake ramuka a kan katako.

Ba zan ɓoye muku ba, Baffa bai yi ƙarya ba. Aiki ya ƙafe, Baba ya sayar da motar. Nama ya koma na Juma'a kawai a gidanmu. Da furfurarsa ya yi dakon kayan alhazai a Mina, kafin ya koyi gyaran famfo a hannun yara sa'annin 'ya'yansa. Ban taɓa jin ya ce da-na-sani ba.

Yau rabin lungun ya zama otal-otal, mu kuma mun koma Zahir. In murfin magudana ya yi ambaliya, waya za ka buga a zo a gyara, wanda kuma ya saki ruwan ƙazanta a titi tara ce ke jiransa. 'Ya'yana, da Larabci ya fi musu Hausa sauƙi, gani suke haka duniya ta zo.

Baba ya tsufa, amma idonsa ras. Kwanan baya ya hango mai shagon soye-soye yana tuttula tsohon mai a magudana. Ya dogara sanda ya tsallaka titi.

"Ɗana," ya ce, "bututun nan da motata na saye shi. Nemo gwangwani."

Mai shagon ya shiga ya nemo.