Raihanatu Mai Irin Albasa a Gambiya

A Sabiyal ta ƙasar Aliero, in ana zancen irin albasa, sunan Raihanatu ake fara kira. Tun tana yarinya take bin mahaifinta fadama. Da ya rasu aka raba gado, sai ta ɗaura ɗamara ta shiga noman rabonta da kanta. Har daga Jega da Maiyama manoma ke zuwa neman irinta, don albasarta kan yi wata biyar a ajiye ba ta ruɓe ba.

Wata shekara Abdussalam, ma'aikacin wata ƙungiyar ƙasashen waje, ya zo Aliero. Ya ce tunda rikicin siyasa ya lafa a Gambiya suke taimakon matan karkara su tsaya da ƙafarsu, yanzu kuma suna neman mai koya musu noman albasa. Kowa ya ɗauka Magaji, shugaban manoma, shi zai tafi. Magaji ya ce a je wurin Raihanatu, shi ma a hannunta yake karɓar iri. Mijinta Buba ya yi kwana biyu yana shawara, a na uku shi ya kai ta ɗaukar hoton fasfo.

A can ta tarar da mata arba'in da fili mai rijiya biyu. Ranar farko, kafin ta kwance buhun iri, ta sa tafinta ya tambayi matan ko filin na wane ne. Aka ce dattawan gari ne suka ba da aro. Wata tsohuwa ta ƙara da cewa sun taɓa share wani lambu, da ya fara albarka sai maza suka karɓe abinsu.

Raihanatu ta koma ta zauna bisa buhun. Jami'an ƙungiya, har da Abdussalam, suka yi ta lallashi, suna tuna mata lokacin shuka na wucewa.

"Malam Abdussalam," in ji ta, "ban baro gida don in gyara wa wani gona da gumin matan ga ba. A rubuta filin da sunansu, in shuka."

Kwana tara ana kai da komo tsakanin mai gari da hukuma. Ita kanta hankalinta bai kwanta ba, tana tsoron a mayar da ita gida hannu rabbana. A rana ta goma aka kawo takarda da hatimi, matan suka bi layi suna dangwala yatsa. Da yammacin ranar ta nuna musu yadda ake tayar da fangalin shuka iri.

Wata huɗu ta yi. Ranar da ta dawo, Magaji ya fito da manoma tarbarta tun daga bakin titi, abin da ba a taɓa yi wa mace ba a garin. Bara an sake gayyatarta zuwa wata ƙasar. Ta ce su dakata ta aurar da autarta Zulai tukuna.