Malam Tambari da Katangar da ke Bayan Shamuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairun 2025, labari ya iske ni a makarantar da nake koyarwa cewa Allah Ya karɓi ran Malam Tambari Atiku, tsohon malamin gona a Kaura Namoda, bayan jinya ta ɗan lokaci. Mutanen gari sun san shi da sunan mai hoton tsuntsaye, kuma ba duka ne ke faɗin haka don yabo ba.

Malam, da ka yi ritaya abokanka sun sayi filaye, kai ka sayi kyamara. Ni maƙwabciyarka ce, kuma kuskurena ɗaya shi ne nuna maka hoton zalɓe da na ɗauka da waya. Ka daɗe kana dubansa, sannan ka ce, "Malama, kin tsai da shi tsakiya kamar za a yi mai katin ɗan ƙasa." Daga ranar na zama ɗalibarka ba tare da an nemi yardata ba. Ka koya mini a bar wa tsuntsu fili ta inda bakinsa ke kallo, a durƙusa har ido ya yi daidai da nasa, a jira rana ta sauka. Ka ara mini kyamararka ranar da ka san zan cika ta da ƙura. Abin da ba ka taɓa sassautawa a kai ba shi ne bayan tsuntsu: kada a ga waya, kada a ga leda, kada a ga gini. Hoto duk kyansa, in bayansa ya yi datti, gogewa kake yi.

A farkon daminar bara ka bi wata motar manoma zuwa yankin Zurmi, duk da iyalinka sun hana saboda halin da hanya ke ciki. Ka dawo da hoton shamuwa a kan rumbu, fukafukanta a buɗe, haske ya zauna mata daidai. Amma a bayanta akwai rusasshiyar katanga da ƙofar kwano a karkace. Ka ce hoton ya lalace. Kana shirin goge shi matarka, Hajiya Nusaiba, ta leƙo, ta ce, "Malam, tsaya. Ƙofar zauren Baffa ce wagga."

Ƙauyensu ne, wanda mutanensa suka watse shekarun baya, ita kuma ba ta sake ganinsa ba. Ka tsaya a ƙofar gidan surukinka, ba ka ga komai ba sai shamuwa.

Ta roƙi a wanke mata hoton. Ka ce za ka yanke katangar tukuna, don kada a ce aikinka ne. Ta ce ka yanke tsuntsuwar ka riƙe abarka. Na ji gardamar ta kan katangarmu har kwanaki, kuma na tabbata ƙa'ida za ta yi nasara, domin ban taɓa ganin ka sauka daga kanta ba. Wata safiya ka shiga mota zuwa Gusau, ka dawo da hoton babba a cikin gilashi, ba a taɓa ko gefensa ba. Ka miƙa mata ka ce, "Kowa ya tambaya, ki ce ba ki san wa ya ɗauka ba."

Ranar sadakar uku na shiga ɗakin da take takaba. Mata 'yan ƙauyensu sun taru gaban hoton, suna nuna inda rijiya take da inda ake shanya gero. Wata tsohuwa ta tambayi wanda ya ɗauka. Hajiya ta ce, "Malam ne."

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Nusaiba, da 'ya'yanka Nuruddeen da Muhsina, da dangi baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya mai da kowa garinsu lafiya. Amin.