Juyi Huɗu Da Ɗan Ɗoriya

Shekara tara na yi ina kanikanci a garejin wani dattijo mutumin Nijar a unguwar Port Richmond. Shi ya ba ni masauki lokacin da na zo ƙasar nan, saboda haka Baba nake ce masa. Ga yadda muka rabu, bi da bi.

Wata Litinin wani tsohon Bature ya kawo mota mai kujera biyu, irin ta gudu, wadda ta haura shekara hamsin. Kukansa ɗaya ne: da ya hau babbar hanya sai injin ya kama ihu, alhali gudun bai kai ya kawo ba.

Duk bakaniken da ya san aikinsa aksul na baya zai fara dubawa. A cikinsa akwai giya biyu, babba da ƙarami, su ke yanke sau nawa farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyi daga giyabos, za ta juya kafin taya ta juya sau ɗaya. In juyi huɗu ne, motar tana da zafin tashi amma tana wahala a doguwar hanya. In uku ne, tashinta da nauyi, amma injin yana hutawa.

Baba ya shiga ƙarƙashi, ya goge ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a murfin aksul ɗin, ya karanta lambar. Uku ɗigo sifiri takwas, wato juyi uku da ɗan kaɗan. Ya fito ya ce wa Baturen aksul lafiya lau, giyabos ne ya lalace.

Ni ba na yarda da wannan ɗan ƙarfe. Noti ɗaya ke riƙe da shi, kuma a shekara hamsin hannu nawa ya taɓa motar? Ina da tsarina. Na farko, in ɗaga tayoyin baya duka biyu. Na biyu, in juya ɗaya in ga ko ɗayar ta bi ta. Wannan ta bi, wato zagayen taya ɗaya ya isa a yi lissafi. Na uku, in ja layi da alli a taya, in ja wani a farfela. Na huɗu, in juya taya in ƙirga juyin farfela. Na ƙirga huɗu da ɗan ɗoriya. Na sake, haka. Wani ya taɓa canza giyoyin ciki, ya mayar da tsohuwar lamba.

Baturen yana tsaye, sai na yi shiru. Ba a gyara wa babba magana a gaban baƙo, haka aka rene ni. Da ya tafi na sami Baba shi kaɗai na gaya masa.

Ya ce, "Kamfani ya buga lamba da injin, kai ka zo da allin 'yan firamare?"

"Baba, zo ka ƙirga da kanka. Minti biyu ne."

"Bon, shi ke nan. Malam mai alli, je ka sauke giyabos."

Na sauke. Mako uku na yi a kansa. Na warware shi, na jera kayan a kan tebur yadda suka fito, na duba kowane haƙori. Ko ƙwarzane babu. Na faɗa masa, ya ce in canza boris in mayar. Na mayar, raina a ɓace.

Baturen ya ɗauki motarsa ranar Alhamis. Ranar Asabar da hantsi ya dawo, fuskarsa ja wur, ya ce ko gada bai kai ba ihun ya dawo. A ranar akwai direbobin tasi kusan shida a garejin, mutanenmu, masu jiran a canza musu mai.

Baba ya nuna ni da sifana. Ya ce da Turanci, yadda kowa zai ji, ni ne na haɗa giyabos ɗin ba daidai ba. Sannan ya juyo da Hausa ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri ka ɗauki laifin, mutumin ya tafi."

In ɗauka? Bakanike ba shi da takardar da ta wuce abin da direbobi ke faɗa a kansa. Waɗannan shida kafin la'asar sun kai labarin unguwar Park Hill, gobe ya ƙetare ruwa zuwa Bronx: wane ya kashe giyabos. Wa zai ƙara ba ni mota?

Na jawo jak. Baba ya ce, "Kai, ajiye." Ban ajiye ba. Na ɗaga motar, na ja layuka biyu, na ce wa Baturen ya durƙusa ya ƙirga da bakinsa. Na juya taya. Ya ce ɗaya, biyu, uku. Da lambar gaskiya ce, a nan ya kamata taya ta cika zagaye, amma da sauranta. Ya ce huɗu. Wani direba ɗan Ghana ya tuntsire da dariya ya ce wa Baba, "Alhaji, farfela ma ta iya lissafi!"

Na gaya wa Baturen giya mai juyi uku da ɗan kaɗan yake bukata, kuma giyabos ɗinsa bai taɓa ciwo ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kwashe kayanka." Na kwashe, ƙanana a sama, manya a ƙasa, na rufe akwati.

Abin da har yau ke tafasa min zuciya shi ne abin da ya biyo baya. Dattawa uku suka zo gidana su ce in je in ba da haƙuri, na kunyata wanda ya riƙe ni. Na tambaye su ko akwai wanda ya je ya ce masa ya janye ƙaryar da ya yi min. Suka ce ai babba ne. Na ce na san babba ne, shi ya sa na yi masa shirun mako uku. Ban je ba.

Wata biyu ina zaune kafin na sami wani gareji a Tremont, can cikin Bronx. Mai wurin ya riga ya ji labari. Ya dube ni ya ce, "An ce ba ka da kunya."

Na ce, "An ce na ɓata giyabos?"

"A'a, wannan ba wanda ya faɗa."

"To, ina zan ajiye akwatina?"