Ranar da na ƙaryata tafinta

Shekarun baya, Nasara ba su daɗe da zama Sakkwato ba, aka sa sunan ƙanena cikin waɗanda za su ɗauki kayan Bature a ka har Zungeru. Mahaifiyata ta ce in je in roƙa a cire shi, tunda ni ne mai karatu a gidanmu na Ƙofar Taramniya. Na naɗa rawani na tafi wurin Baturen, ina ji da kaina.

Tafintansa Bakane ne, kuma tun daga gaisuwa ban yarda da shi ba. In na yi magana gajera, sai ya ja ta da tsawo. Ga wata kalma da Baturen ke ta maimaitawa, wai "rayit". Na rubuta ta da ajami a takarda, na kasa kunne. Da farko tafinta ya ce, "Ya ce to." Can ya ce, "Ya ce ka koma ta dama." Na uku, "Ya ce da gaskiyarka." A raina na ce, yauwa, na kama ɓarawo!

Na ɗaga murya: "Kai wanga mutum, ji tsoron Allah! Kalma guda, hwassara ukku? Abin da nic ce shi za ka hwaɗa mai, ba ƙari ba ragi."

Ya dube ni ya ce, "Malam, ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Na maimaita abin da nake faɗa tun zuwana: mu gidan malamai ne, ba mu taɓa yi wa kowa dako ba, balle baƙo. Tafinta ya isar a taƙaice. Fuskar Bature ta yi ja, ya rufe littafinsa.

Sai bayan tafiyar ƙanena wani masinja mai jin Turanci ya gaya mini. Ashe duk surutun nan, tafinta cewa yake uwarmu ta tsufa, ƙanena ne ke noma mata gonar Wamakko. Bature har ya ɗauki alƙalami zai soke sunan lokacin da na buɗe baki. Ita kuwa "rayit", a Turanci duk ma'anonin nan uku nata ne.

Mutane na cewa tafintan macuci ne, wataƙila kuwa, ban sani ba. Ni dai kunya ta hana ni neman gafararsa, kuma abin na cina har gobe.

Bayan wata biyar ƙanena ya dawo, wuyansa a karkace, har ya rasu bai miƙe ba. Ban taɓa gaya masa ba. Duk Sallah sai ya yi mini godiya, wai na je na roƙa masa.